Zaunar da Ɗakin Inna a Ƙasa

Gidanmu a Shahuci yake, cikin wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace kafin ɗayan ya wuce. Gidan ƙasa ne tun na kakanni, amma a lokacin da nake ba da labari an riga an rushe sassansa ɗaya bayan ɗaya, an mayar da su bulo da kwano. Ɗaki ɗaya ne ya rage na ƙasa, soron Inna, mahaifiyarmu. Nan aka kawo ta tana amarya, nan ta haife mu, nan ta yi takabar Baba. Rufinsa na azara ne, da baka biyu da suka gitta juna a sama suna ɗauke da nauyin, kuma ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Ni dai ban taɓa sanin Inna ta kwana a wani wuri ba, in ban da zuwanta Makka.

Ina 'yar sakandare sojoji suka koma bariki aka shiga siyasa. Rabon lungunmu a cikinta, bayan fastocin da ake liƙa mana a bango duk kakar zaɓe, shi ne intalok, ƙananan bulon nan na daɓe hanya. Wani ɗan takara ne ya shimfiɗa mana shi, shekaru da yawa bayan nan, aka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya lura an ɗaga lungun ya fi gindin gidaje tudu. Da damina ta zo, ruwan da a da yake gangarawa ya wuce abinsa sai ya samu wurin kwanciya a gindin bangon Inna ta waje. Muka yi yaɓe, ruwa ya ci, muka sake. Ana nan sai wata tsaga ta fito a kusurwar ɗakin, siririya, ta taso daga sama ta gangaro daidai kafaɗar mutum.

Yaya, babban wanmu, ɗan kasuwa ne a Kurmi, kuma tun rasuwar Baba shi ne mai faɗa a ji a gidan. Da ya ga tsagar sai ya ce a rushe ɗakin kafin marka, a gina mata na bulo. Inna ta ce ba inda za ta. To amma ba ta taɓa faɗa masa haka ido da ido ba, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta ambatar sunansa, ba ta doguwar magana da shi, ko gaishe ta ya zo yi daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani wuri. Duk abin da take so ya ji, ta bakina yake bi, ni auta. Tun ina ƙarama nake wannan aikin, har ya zame mini jiki.

Ranar da aka yi maganar sosai, Yaya yana tsaye a tsakar gida, Inna tana ciki bayan labule, ni ina zaune a kan dokin ƙofa a tsakaninsu.

"Auta," in ji Inna, "gaya wa mutumin nan, ɗakin nan ya girmi ubansa, bai faɗi ba."

Ba sai na gaya masa ba, ai yana ji. Ya dube ni ya ce, "Ki gaya mata bangon nan ya karkace. Ni ba zan zauna ina gani gini ya danne mahaifiyata ba."

Ni kuwa a lokacin kaina yana hayaƙi. Na karanci tsara gine-gine, ina aiki a wani ofis da muke ɗaukar hotunan tsofaffin gine-gine, mu zuba a kwamfuta, manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar ginin sak, wadda za ka iya juyawa ka leƙa ta kowane ɓangare, ka auna duk inda kake so. Kuma dama ina jin haushin Yaya, don shi duk abin da ba siminti ba a wurinsa ƙauyanci ne. Sai na ce, "Yaya, da me ka auna? Da ido? A lungun da ko taku biyu ba za ka iya ja da baya ba? Ginin ƙasa dama ba a miƙe yake kamar sanda ba. A bar mini, ni zan auna."

Ya dube ni ya ce, "Na ji. In na'urar taki ta ce bangon a tsaye yake, wallahi ba zan taɓa shi ba. In kuma ta ce ya karkace, ke za ki gaya mata da bakinki."

Na ce na yarda. Daga bayan labule na ji Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Har ga Allah a ranar ban kawo a raina cewa na'urar za ta iya goyon bayan Yaya ba.

Ranar Asabar na zo da kyamarar ofis. Aikin ba wuya, sai dai yana son haƙuri: ka ɗauki hoto, ka matsa kaɗan, ka sake ɗauka, kowane hoto ya kama gefen na bayansa, har ka zagaye wurin ciki da waje. Na ce wa Inna a ɗan fitar da kaya, ta ce ko cokali ba za a taɓa mata ba. Haka na ɗauki ɗakin yadda yake, da gadonta na ƙarfe a jikin bangon da ake magana a kai, da jeren kwallayenta, da dardumarta a ninke, da ragayar da ke rataye a jikin azara ɗauke da ƙwaryar daddawa. Tana zaune tana tsinkar zogale tana yi mini tsiya.

"Wannan wane irin awo ne, ba igiya ba sanda? Ke dai kin iya ɓata wa bature fim."

Na ce, "Inna, yanzu ba a sa fim."

Ta ce, "To ki ɗauki bangon da kyau, ya san an zo ganinsa."

Daga nan na fita lungu, na manne da katangar maƙwabta ina ɗaukar bangon ta waje, masu wucewa suna ta ce mini sannu da aiki.

Ranar Litinin a ofis na zuba hotunan, manhaja ta yi ta aikinta har bayan azahar. Da ta gama sai ga ɗakin Inna a fuskar kwamfuta, komai da komai, har da tabon hayaƙin fitila a cikin alkuki. Amma a kife ya fito, yana shawagi a sarari, ƙofar tana kallon sama, gadon yana manne a gefe. Haka kowace siffa take fitowa da farko, don kwamfuta ba ta san sama ba, ba ta san ƙasa ba. Hotuna kawai ta gani ta ɗinke. A ƙarƙashin siffar akwai wata shimfiɗa ta layuka kamar tabarma, ita ce ƙasar manhajar, kuma aikin farko shi ne ka juyo siffar ka zaunar da ita a kan wannan shimfiɗa daidai yadda ginin yake zaune a duniya. In ba ka yi haka ba, duk awon da za ka yi shirme ne, don ba za ka san abin da ke tsaye da abin da ya karkace ba.

Hanyar da muka saba ita ce a zaɓi wurare uku a daɓen ɗaki, a ce wa manhaja nan ne ƙasa, ita kuma ta kwantar da siffar a kansu. Na zaɓi ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a gindin jere. Ɗakin ya juyo ya zauna. Na duba bangon, sai na gan shi ya yi wata irin karkata da in gaskiya ce da tuni ya daɗe a ƙasa. Can sai na tuna, na yi dariya ni kaɗai. Daɓen ɗakin Inna ai da gangan aka yi masa gangara. Ita da kanta ta sha ba mu labari cewa matan da suka daɓe shi sun karkata shi zuwa ƙofa, don in an wanke ruwa ya fice. Muna yara ma in goriba ta faɗi a gindin gado, a bakin ƙofa muke tsintar ta.

Sai na gwada da tsakar gida, don ɗan ɓangarenta ya shigo cikin hotunan. Ita ma simintinta ya gangara zuwa makwarari. Na gwada lungu, intalok ɗin ya yi tudu nan ya lotsa can, kuma shi ne ma ya jawo mana masifar tun farko. Duk wanda na zaɓa sai bangon ya ba ni wata karkata daban. Na jingina da kujera ina jin haushi, don a gidan da aka haife ni kaf babu taki ɗaya na ƙasa da zan iya rantsewa a miƙe yake.

Don in huce, sai na yi abin da bai kamata ba. Na kama bangon da kansa na ce wa manhaja shi ne a tsaye, ta daidaita sauran a kansa. Ɗakin ya fito tsaf, gwanin sha'awa, yadda idona ya saba ganinsa tun ina rarrafe. Na daɗe ina kallo. Amma na san wannan ba awo ba ne, wanda ake tuhuma ne na sa ya ba da shaida a kan kansa. Dole sai na samu wani abu a cikin ɗakin da bai dogara da magini ko mai daɓe ba.

Ina cikin zagaya siffar sai idona ya sauka a kan ragaya. Igiyar tana da kauri, saƙar mutanen da ce, shi ya sa ta fito a hotunan, ko da yake gefenta ya ɗan yi gashi-gashi. Abin da aka rataye da nauyi a ƙarshensa ba shi da zaɓi, ƙasa zai nuna kai tsaye, ko daɓe ya gangara ko bango ya karkace. Na sa alama ɗaya a inda igiyar ta bar azara, ɗaya a inda ta rabu ta rungumi ƙwarya, na ce wa manhaja wannan layin shi ne tsaye. Ɗakin ya ɗan motsa kaɗan, ya tsaya. Sannan na yanka siffar gida biyu, yadda ake raba kabewa, don in ga kaurin bangon daga gindi zuwa sama.

Bangon ƙasa mai lafiya gindinsa ya fi samansa kauri, saboda haka fuskarsa ta waje takan kwanta ciki, wajen ɗaki. Na Inna fuskarsa ta waje ta leƙa lungu. Samansa ya zarce gindinsa da abin da ya fi tafin hannu. Ƙafar bakan da ke zaune a kansa ita ma ta buɗe, ta bi shi, tsakiyar rufin kuma ta ɗan sauko. Ba sai an kira wani masani ba, ɗalibin shekarar farko ma zai gane abin da wannan yake nufi. Na tashi na je na yi alwala ba don lokacin salla ya yi ba.

Ban yarda nan take ba. Na ce wataƙila ragayar tana lilo lokacin da nake ɗaukar hoto. Washegari na koma gida da zare, na ɗaura masa kwaɗon ƙofa, na rataye a wata azarar daban, na jira ya daina motsi, na sake ɗaukar ɗakin. Inna ta ce, "Yau kuma tarkon ɓera ake yi?" Na yi murmushin dole. Ta ƙura mini ido har na gama na tafi. Sakamakon na biyu bai bambanta da na farko ba.

A manhajar akwai wani zobe da ke kewaye siffa. In ka kama shi da maus, wato linzamin kwamfuta, ka ja, duk ginin sai ya juya. Abin da ke tsakanin bangon da ya leƙa lungu da bangon da ke tsaye lafiya, ja ne ɗan ƙanƙani, wanda ko wuyan hannu ba sai ya motsa ba. Yaya bai san ragaya ba, bai san zobe ba, hoto kawai zai gani a takarda, kuma ya riga ya rantse. Na ɗora hannuna a kan maus ɗin na daɗe. Abin da ya hana ni shi ne gadon. Yana nan a cikin siffar, a manne da wannan bangon, da matashinta a ɓangaren da tsagar take. Na bar ɗakin yadda zaren ya zaunar da shi, na buga a takarda.

Yaya na fara kai wa, a rumfarsa. Na ɗauka zai yi mini dariya, da ma ya yi da na samu wanda zan sauke wa haushina. Bai yi ba. Ya kalli takardar ya ce innalillahi, a hankali. Na ce masa akwai dabara, a tokare bangon ta waje. Ya ce a wane filin, a lungun da ko baro ba ya wucewa sai da dabara? Na ce a nemo maginan ƙasa su sauke rufin, su sake bangon, su mayar. Ya ce in dai an sauke, da bulo za a mayar, shi ba zai sake zuba ƙasa a inda ruwa yake kwana ba. Na ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, na ce masa dama abin da yake so ke nan tun farko, ya samu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, mun yi alkawari. Je ki gaya mata."

Na same ta bayan la'asar tana lazimi. Na zauna a gefen darduma har ta shafa. Ban nuna mata takardar ba, me za ta gani a ciki? Na ce, "Inna, bangon ya karkace. Ba zai kai ƙarshen damina ba, in ma ya kai to ikon Allah ne."

Ta ce, "Shi ya ce, ko abin naki?"

Na ce, "Ni na auna, Inna."

Ta ɗan jima tana juya carbi a hannunta. Sannan ta ce, "To. Gaya masa ya turo masu kwasar kaya." Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, har ta ce in tashi in wanke fuskata kar in koma gidan miji a haka.

Gidana aka kawo ta, a Ƙofar Na'isa, kafin a gama ginin. Ban je wurin rusau ba. Yaya ne ya gaya mini cewa masu rusau suna zare azarar farko bangon ya tafi da kansa, ya toshe lungun, sai da aka yini ana kwashe ƙasa. Ya faɗa mini ne don in ji sanyi, in san na yi daidai. Ban ji sanyin komai ba, kuma ban gaya wa Inna ba.

Sabon ɗakin ya yi kyau, ba zan yi wa Yaya ƙarya ba. Tayil, silin, fanka, taga mai gilashi. Aka mayar mata da gadonta da jerenta. Ragaya ce ba a samu inda za a rataye ba, aka sa ƙwaryar a kan firji. Amma Inna ba ta zauna a ɗakin ba, ajiye ta aka yi. Da rana kwano ya ɗau zafi ta fito ta zauna a bakin ƙofa, in an ɗauke wuta ta yi ta fifita. Tayil ɗin yana ba ta tsoro, ta koma tafiya tana dafa bango kamar mai koyon tafiya. Ta daina yi mini tsiya. In na zo ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara, shi ke nan. Ba ta taɓa ce mini na yi mata laifi ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. A 'yan watannin nan ta tsufa tsufan da ba ta yi ba a shekarun da suka biyo bayan rasuwar Baba.

Wata ranar Juma'a da hantsi na biyo daga ofis da kwamfutar a jaka. Muna zaune sai ta ce, "Auta, ɗakin nan yana nan a cikin abin naki?"

Na ce yana nan.

"Nuna mini."

Na matso kusa da ita, na ɗora kwamfutar a kan cinyata na buɗe. Na shigar da ita ta ƙofa, a hankali, na zagaya da ita. Ta sa tabarau. Ta ga gadon, ta ga alkuki, ta ga tiren zogalen da ta bari a ƙasa ranar. Ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin a daidai jerenta. Sai kuma ta ɗan karkata kai, ta yamutsa fuska.

"Wannan a karkace yake. Ba haka ɗakina yake ba."

Na ce, "Haka yake, Inna. Idonmu ne ya saba da shi."

Ta ce, "Ni da na kwana a ciki za ki gaya wa? Gyara shi."

Ban ga amfanin musu ba. Na kama zoben nan na ja kaɗan, har bangon ya miƙe, daɓen ya ɗauki karkatar. Fuskarta ta saki, irin sakin da na daɗe ban gani ba.

"Yauwa. Ga ɗakina."

Ta yi ta kallo. Sannan idonta ya sauko daga fuskar kwamfutar zuwa hannuna, ya tsaya a nan.

"Ashe da ɗan yatsa ake yi," ta ce. "Da haka kika nuna wa yayanki, da yanzu ina ciki."

Na ce, "Inna, da ya faɗo miki."

Ta cire tabarau ta ninke, ta ajiye a gefen matashi.

"Na sani, auta. Tun kafin ki kawo zarenki na sani, ina jin ƙasa tana zubo mini a kan zani. Da ya faɗo, ai a ɗakina zai same ni."